Neuland: Haruffan da Aka Sassaƙa da Magagari, da Inda Suka Tsinci Kansu

A shekarar 1923 masana'antar zuba haruffa ta Klingspor, da ke garin Offenbach a bakin kogin Main kusa da Frankfurt a ƙasar Jamus, ta fitar da wani salon haruffa mai suna Neuland. Manyan baƙaƙe ne zalla, babu ƙanana a cikinsu. Kauri gare su har suna neman cinye farin takarda, gefunansu kuma ba su miƙe sar ba, sawun hannun da ya yi su yana nan a fili. Mai su shi ne Rudolf Koch, wanda a lokacin ya riga ya yi suna a Jamus a matsayin gwanin rubutun hannu. Yau shekara ɗari da ɗoriya ke nan ana amfani da su, amma mafi yawan masu ganinsu ba su san inda suka fito ba, wasu ma ɗauka suke yi haruffan Afirka ne. Yadda aka yi su, da abin da suka dace da shi, da yadda aka wayi gari an rataya musu wata ma'ana dabam, labari ne guda da ya kamata duk mai tsara fosta ko bangon littafi ya sani.

Yadda ake samar da harafin ƙarfe

Kafin zuwan kwamfuta, kowane harafi da ke shafin littafi ɗan guntun ƙarfe ne da aka jera da hannu ko da inji. Asalinsa kuwa daga teburin mai sassaƙa yake. Zai ɗauki sandar ƙarfe da tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, wadda ba a riga an gasa ta ta yi tauri ba, ya goge bakinta ya yi sumul, sannan ya fitar da harafin a kai a juye, yadda zai bayyana a madubi. Kayan aikinsa magagari ne manya da ƙanana, da 'yan ƙarafa masu tsini na ƙwaƙule cikin harafi. Idan yana son duba aikinsa sai ya kanga bakin sandar a harshen wutar kyandir har hayaƙi ya baƙanta shi, ya danna a kan kati mai santsi, harafin ya fito. Inda ya ga ya yi kauri ya ƙara gogewa. Idan kuwa hannu ya zarce, abin da magagari ya ci ba ya dawowa, sai dai ya goge fuskar ƙasa ya sake gyara ta, ko ya ɗauki sabuwar sanda.

In ya gamsu, sai a gasa sandar a tsoma ta a ruwa ta yi tauri, a buga ta cikin guntun jan ƙarfe ta bar rami mai siffar harafin. Wannan guntun shi ne uwar haruffa. A ɗaura shi a mazubi, a kwarara narkakkiyar dalma da aka gauraya da kuza da antimoni, haruffa su riƙa fitowa dubbai, duka kamarsu ɗaya. Kowane girma kuma sai an sassaƙa masa nasa: A na cikin shafi da A na kanun labari sanduna biyu ne, aiki biyu.

A zamanin Koch aikin ya rabu gida biyu. Mai zane zai zauna ya zana haruffansa manya a takarda, ya yi ta gyara har su daidaita, sannan a miƙa wa mai sassaƙa ya kwaikwaya a ƙarfe. A Klingspor, Gustav Eichenauer ne ya sassaƙa da yawa daga haruffan da Koch ya zana. Tun 1885 kuma Linn Boyd Benton ya yi rajistar injinsa a Amurka, wanda ke bin babban zane ya ƙanƙantar da shi a kan ƙarfe zuwa kowane girma da ake so. Masana'antu na ta komawa ga inji, domin yana ba da haruffa masu tsabta, marasa saɓani.

Koch ya juya wa wannan tsari baya. Bai yi cikakken zanen da wani zai bi ba, bai kuma miƙa aikin ga kowa ba. Shi da kansa ya zauna da sanduna da magagari, yana fitar da siffar harafin kai tsaye daga ƙarfe.

Wanda ya san tarihinsa ba zai yi mamaki ba. An haife shi a Nuremberg a 1876, mahaifinsa mai sassaƙa mutum-mutumi ne, shi kuma tun yana saurayi aka kai shi garin Hanau koyon zanen ado a jikin ƙarfe. Hannunsa ya san ƙarfe kafin ya san alƙalami mai faɗin baki, wanda daga baya ya koya wa kansa. A 1906 ya koma Offenbach ya kama aiki da Karl Klingspor, haruffansa na farko suka fito a 1910, ya kuma shiga koyar da rubutu a makarantar fasaha ta garin. An kai shi fagen daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya dawo da ƙarin riƙo da addininsa na Kirista mabiya Luther. A 1921 ya kafa wani ɗan ɗakin aiki inda shi da almajiransa ke rubuta ayoyin Baibul da hannu, suna saƙa su a manyan labulen bango, suna kuma ƙera kayan coci. Daga wannan ɗakin da wannan zuciya Neuland ya fito.

Abin da magagari ya bari a jikin haruffan

Alƙalami ƙara tawada yake yi a kan fari. Magagari ragewa yake yi. Wanda ke sassaƙa yana farawa ne da fuska mai kusurwa huɗu da za ta fito baƙa ƙirin in aka buga ta a haka, kowane gugar da ya yi kuma haske yake buɗewa. Koch bai buɗe da yawa ba. Shi ya sa cikin A da na R da na B 'yan tagogi ne ƙanana, kowane harafi kuma yana neman cika gurbinsa har baki.

Ɗauki O ka dube shi da kyau. Bai kewaye sumul ba, yana da 'yan kafaɗu inda hannu ya sauya kwana, domin magagari ya fi son tafiya a miƙe, lanƙwasa sai an lallaɓa ta kaɗan-kaɗan. Ƙarshen sandunan haruffa sau da yawa a karkace aka datse su, wasu suna ɗan buɗewa a baki. Babu 'yan ƙafafun nan da ake gani a ƙasan haruffan littafi, babu kuma siririn layi kusa da mai kauri, nauyin kusan ɗaya ne ko'ina. Duk da haka ba a hargitse suke ba. Tsayinsu ɗaya, baƙinsu ya daidaita daga harafi zuwa harafi, kuma wannan daidaito shi ne shaidar ƙwarewa. Mai koyo ma zai iya yin harafi mai kaushi. Jera haruffa ashirin da shida masu kaushi su zauna lafiya da juna ko ta yaya aka haɗa su, wannan sai wanda ya shekara ashirin yana riƙe da alƙalami.

Da yake kowane girma shi ya sassaƙa shi dabam, ba tare da zane ɗaya da ake komawa gare shi ba, girma-girman ba su yi kama da juna ƙwabo da ƙwabo ba. S na wannan girma yana da nasa hali, na wancan ma haka. A idon masana'antar zamanin wannan aibi ne. Ni a ganina nan ne darajar aikin take, domin mai sassaƙa yana yi wa kowane girma hukuncin da ya dace da shi da idonsa, ya ɗan buɗe inda tawada za ta cushe, ya bar kauri inda takarda za ta iya ɗauka.

Akwai kuma dalilin da ya sa Bajamushe irin Koch zai so rubutu baƙi haka. Jamus ta daɗe tana buga littattafanta da jaridunta da tsohon rubutun nan mai kusurwoyi da ake kira Fraktur, har sai da gwamnatin Nazi ta ba da umarnin daina shi a 1941. Shafin da aka buga da irin wannan rubutu a cike yake, duhu ya fi haske yawa, Koch kuwa masoyinsa ne na gaske, yawancin haruffansa ma daga wannan dangi suke. Matsalarsa ita ce wanda ba Bajamushe ba yana wahalar karanta shi. Neuland ya kawo duhun da nauyin tsohon rubutun, amma da siffar haruffan Latin da Bafaranshe da Ba'amurke za su karanta nan take. Tun da babu harafin da ke da wutsiya a ƙasa ko wuya a sama, ana iya ɗora layi a kan layi kamar jerin tubali, kusan babu tazara, shafi ya zama bango guda. Ayar da aka buga haka tana da nauyi a ido tun kafin a karanta ta.

Inda suke aiki, da inda ba sa yi

'Yan talla ne suka fi kowa saurin gane amfaninsu. Shekarar da suka fito ita ce shekarar da kuɗin Jamus ya lalace, har a watan Nuwamba dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2. Da al'amura suka lafa a shekarun da suka biyo baya, kasuwar talla ta buɗe, kuma harafin da ake hangowa daga ɗaya gefen titi ba ya rasa masu so.

Dokar waɗannan haruffa ta farko girma ce. A ƙaramin girma 'yan tagogin nan suna toshewa, musamman a takarda mai shan tawada ko a allon waya, sai kalma ta zama dunƙulen baƙi. Ta biyu gajarta. Mai karatu yana gane kalma ne da taimakon siffarta, hawa da saukar ƙananan baƙaƙe, a nan kuwa kowace kalma akwati ce mai tsayi ɗaya, dole ya bi ta harafi-harafi. Kalma uku, kalma biyar, suna, take, kira: wannan fagensu ne. Sakin layi guda da su azaba ce ga ido.

Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe musu tazara. An saba cewa manyan baƙaƙe suna son a ɗan ware su, kuma gaskiya ne ga sirara. Waɗannan kuwa hasken da ke cikinsu kaɗan ne, don haka in hasken da ke tsakaninsu ya fi shi yawa sai kalmar ta watse, kowane harafi ya tsaya shi kaɗai. A matse su, a matse layukan, a rage tazarar da ke tsakanin kalmomi. Sai dai a sa ido a kan wuraren da siffar harafi ke barin rami, kamar inda L ya haɗu da A, ko T ya biyo bayan A. Irin waɗannan da ido ake gyara su ɗaya bayan ɗaya.

Misali, a ce fostar wani biki ce, take kalma uku. Mai tsarawa ya jera su layi uku, ya daidaita girman kowane layi har faɗinsu ya zo ɗaya, suka zama dunƙule mai kusurwa huɗu da ya ci rabin takardar, baƙi a kan rawaya. Kwanan wata da wuri da sauran bayani ya sa su can ƙasa da wani salon haruffa siriri mai natsuwa, ya bar fili mai yawa a tsakani. Wannan fosta za ta yi aiki daga nesa. Idan kuwa ya zuba komai da Neuland, har da lambar waya, kowane layi zai riƙa ɗaga murya, mai wucewa ba zai san wanda zai fara saurare ba. Haka nan ja su a tsaye ko a kwance don su cika wani gurbi yana kashe su, domin sandunan da aka daidaita nauyinsu sai wasu su kumbura wasu su rame. Inuwa da ƙyalli da sauran adon kwamfuta ma ba sa ƙara musu komai.

Sigar kwamfuta ta zo da sauƙi, ta kuma tafi da wani abu. Galibi siffa ɗaya ake ɗauka a mayar da ita lissafi, a ƙara mata girma ko a rage yadda aka ga dama, bambancin da ke tsakanin girma-girman Koch ya ɓace. Sannan in harafi ya maimaita kansa kusa da kusa a babban take, ido yana kama cewa kwafi ne, 'yar karkatar da ke wannan ita ce a wancan, alhali duk jikin rubutun yana cewa hannu ne ya yi shi. A ƙarfe ma haka abin yake, tun da uwa ɗaya ke haifar da su, amma matsin inji da shan takarda suna ɗan sauya kowane bugu. Masu tsara zane da suka damu sukan taɓa ɗaya daga tagwayen da hannu, wasu sababbin salon haruffa masu kama da yankan hannu kuma ana yin su da siffa biyu ko uku ga kowane harafi, manhaja ta riƙa musanya su.

Yadda suka koma haruffan daji

Ba a daɗe ba suka tsallake iyaka. A 1928 kamfanin Monotype na Ingila ya fitar da nasa mai kama da su, ya sa masa suna Othello, sunan baƙin janar ɗin nan na wasan kwaikwayon Shakespeare. An kuma samu wata siga mai farin layi a tsakiyar sanduna, wadda ta yaɗu sosai. A Amurka sannu a hankali suka zama abin da ake miƙa hannu a ɗauko duk lokacin da littafi ko fosta ta shafi Afirka ko baƙaƙen fata. Mai tsara zane Rob Giampietro ya yi rubutu a kan wannan ɗabi'a, ya haɗa Neuland da Lithos, wani salon da Carol Twombly ta yi wa kamfanin Adobe a 1989 bisa rubutun Girkawan dā a jikin dutse, wanda shi ma aka wayi gari yana wakiltar Afirka.

Dubi jerin wuraren da aka fi saninsu a yau. Tambarin gidajen cin abinci na Trader Vic's, masu kwaikwayon tsibiran tekun Fasifik. Kwalin taba sigari Natural American Spirit, mai hoton ɗan asalin Amurka. Tambarin Jurassic Park, fim ɗin dabbobin dinosaur na 1993, da haruffa irin masu farin layin nan. Tallace-tallacen The Lion King, labarin zakunan Afirka. Mutanen tsibiran Fasifik, da 'yan asalin Amurka, da nahiyar Afirka, da dabbobin da suka ƙare shekaru miliyoyi da suka wuce, me ya haɗa su? Babu komai, sai cewa a idon mai tallan dukansu daji ne, abin da bai waye ba. An ga sawun kayan aiki a jikin harafi, aka fassara shi da rashin gogewa, aka nemi mutanen da za a jingina wa rashin gogewar.

Wannan yana damuna, domin ƙarya biyu ce a haɗe. An yi wa Koch ƙarya, mutumin da ke cikin mafi gogewar marubutan zamaninsa, wanda shekara huɗu bayan Neuland, a 1927, ya fitar da Kabel, haruffa masu tsabta da lissafi da suka fito shekara ɗaya da Futura na Paul Renner. An kuma yi wa Afirka ƙarya. Duk wanda ya ga littattafan Ge'ez na Habasha da aka rubuta a fata, ko shafin ajami da gwanin alƙalami ya zana, ya san babu abin da ya haɗa su da datsen magagari. Nahiyar tana da Tifinag na Abzinawa, da rubutun Vai da Momolu Duwalu Bukele ya fito da shi a Laberiya a shekarun 1830, da na Bamum da Sarki Njoya ya ƙirƙira a Kamaru a ƙarshen ƙarni na 19, da N'Ko na Solomana Kante na 1949, da Adlam da wasu 'yan'uwa Fulani biyu suka ƙirƙira a Gini a ƙarshen shekarun 1980. Wanda ke son bangon littafinsa ya yi ƙanshin wani yanki na Afirka yana da inda zai duba.

Adalci ya sa a faɗi cewa akwai wani siririn zare da ya haɗa abubuwan. Neuland ya yi kama da hotunan da masu zanen Jamus na wancan zamani ke sassaƙawa a katako su buga, irin 'yan ƙungiyar Die Brücke da aka kafa a Dresden a 1905. Su kuwa, irin su Ernst Ludwig Kirchner, sun riƙa zuwa gidan tarihin al'adu na birnin suna kallon sassaƙen Afirka da na tsibiran Fasifik, suna ɗaukar abin da suka ga dama. Mai yiwuwa idon Turawa ya koyi haɗa yanka mai kusurwa da waɗannan nahiyoyi tun daga nan. Amma wannan bayani ne kan yadda Bature ya kalli Afirka, bai mayar da haruffan na Afirka ba. Sassaƙar katako kuma tsohuwar sana'ar Jamus ce, tun zamanin mai zane Albrecht Dürer, ɗan garinsu Koch.

Ba na cikin masu cewa a jefar da Neuland. Take mai ƙarfi, sanarwar gaggawa, sunan ƙungiyar maƙera ko masassaƙa, bangon littafin waƙoƙi masu zafi, aya ko karin magana da ake so ta tsaya a bango da nauyinta, duk waɗannan aikinsa ne, kuma kaɗan ne za su yi shi kamarsa. Abin da na ƙi shi ne a ɗauko shi don kawai an ga kalmar Afirka a cikin take.

Koch ya rasu a Offenbach a 1934, bai ga yawancin wannan ba. Masana'antar Klingspor ta shige hannun kamfanin Stempel na Frankfurt a 1956, gidan tarihin Klingspor da aka buɗe a garin a 1953 kuma yana adana ayyukansa. Daga cikin almajiransa akwai Berthold Wolpe, ɗan Offenbach, Bayahude, wanda ya koma Ingila a 1935. Shi ma da ƙarfe ya saba, yana yin rubutu a allunan tagulla ta hanyar sassaƙe abin da ke kewaye da harafi har ya taso. Stanley Morison na Monotype ya ga hotunan aikin ya nemi ya mayar da shi haruffan ɗab'i, aka samu Albertus. Ɗakin aiki ɗaya, hanya kusan ɗaya, sawun kayan aiki a bayyane a jikin duka biyun, sai dai na Wolpe ya fi siranta kuma daga baya an yi masa ƙananan baƙaƙe. Albertus ya hau bangon littattafan kamfanin Faber, inda Wolpe ya yi aiki sama da shekara talatin, kuma da shi ake rubuta sunayen tituna a tsohon tsakiyar birnin Landan har yau.